Japan kafin babban yaƙi: yadda ƴan siyasa suka sakar wa soja linzami

Ranar Lahadi 15 ga watan Mayu na shekarar 1932, da yammaci, wasu matasan hafsoshin sojan ruwa suka kutsa gidan faraministan Japan a birnin Tokiyo. Inukai Tsuyoshi, dattijo ɗan shekara 76 wanda ya share fiye da shekara 40 a majalisar dokoki, bai nemi hanyar gudu ba. Ya buƙaci su zauna a tattauna, suka ce magana ba ta da sauran amfani, suka harbe shi. Wata uku kafin nan jam'iyyarsa ta Seiyukai ta lashe zaɓe da kujera 301 daga cikin 466. Ƙuri'un miliyoyin mutane ba su tsare masa harsashi ɗaya ba.

Abin da ya biyo bayan kisan ya fi kisan kansa muni. Da aka gurfanar da maharan, sai zauren shari'a ya koma dandalin da suke bayyana kishin ƙasarsu, suna zagin ƴan siyasa da manyan attajirai, jaridu kuma suna yaɗa kalamansu. Dubban ɗaruruwan mutane suka sa hannu a takardun neman a yi musu sassauci, wasu ma da jininsu suka rubuta. Babu ko ɗaya da aka yanke wa hukuncin kisa. Hafsoshin da suka fi samun hukunci mai tsanani shekara 15 aka ba su, kuma ba su cika ta ba aka sallame su. Daga ranar har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ba a sake bai wa shugaban wata jam'iyya damar kafa gwamnati ba.

Duk mai son fahimtar yadda Japan ta faɗa yaƙin da ya cinye ta, ya kamata ya lura da wani abu mai ban mamaki. Babu wani juyin mulkin soja da ya yi nasara a Tokiyo. Ba a jingine kundin tsarin mulki ba, ba a rufe majalisa ba, an ma ci gaba da zaɓe har a shekarar 1942, yaƙi na tsakiyar ci. Amma duk da haka soja ne ya riƙe akalar ƙasa. Farar hula ne suka riƙa sakin igiyar kaɗan-kaɗan, kowane saki yana da uzurin da ya yi kama da hikima a ranarsa, har suka waiwaya suka ga babu komai a hannunsu.

Tsagar da aka gina bango da ita

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon Japan da tsagarsa aka gina shi. A shekarar 1853 jiragen yaƙin Amurka huɗu ƙarƙashin Matthew Perry suka tsaya a bakin tekun Edo, suka tilasta wa ƙasar buɗe tashoshinta ga baƙi. Magabatan da suka karɓi mulki da sunan Sarki Meiji a 1868 sun ga abin da Turawa suka yi wa ƙasar Sin, suka ƙudura cewa tsira sai da arziki da ƙarfin soja. Suka kafa aikin soja na dole a 1873. A 1878 suka ware hedikwatar manyan hafsoshi daga hannun gwamnati, suka maida ita kai tsaye ƙarƙashin Sarki. Kundin tsarin mulki na 1889 ya tabbatar da haka a ayarsa ta 11, inda ya ce Sarki ne babban kwamandan sojan ƙasa da na ruwa. A aikace, faraminista ba shi da ikon bai wa janar umarni kan sha'anin yaƙi, majalisa kuwa ba ta da hurumin tambayarsa.

A shekarar 1900 Yamagata Aritomo, uban rundunar sojan ƙasa, ya ƙara wata ƙa'ida: ministan soja da na sojan ruwa dole su kasance manyan hafsoshin da ke bakin aiki. Ƙa'idar a takarda ƙarama ce, amma ta bai wa runduna ikon kayar da kowace gwamnati, domin idan ministanta ya yi murabus ta kuma ƙi ba da wani, gwamnati ta faɗi ke nan. Haka aka yi a 1912, lokacin da faraminista Saionji ya ƙi amincewa da ƙarin rundunoni biyu. Muddin dattawan da suka kafa sabuwar Japan na raye, su ne ke haɗa kan soja da gwamnati, tun da duka biyun yaransu ne. Da suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, sai aka wayi gari babu mai tsawata wa kowa.

Nasara kuma ta ƙara wa soja kwarjini. Japan ta ci ƙasar Sin a yaƙin 1894 zuwa 1895, ta karɓe Taiwan. Ta ci Rasha a 1905, labarin da ya faranta ran mutane da yawa da ke ƙarƙashin mulkin Turawa. Ta haɗiye Koriya a 1910. Yaron da ya tashi a wannan zamani ya koya a makaranta cewa ƙasarsa ba ta taɓa shan kashi ba, kuma takobi ne ya sa duniya ke ganin girmanta.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa Japan ba ta ɗanɗana dimokuraɗiyya ba. A 1913 an sassauta ƙa'idar Yamagata. A 1918 Hara Takashi, shugaban jam'iyya wanda ba shi da sarauta, ya zama faraminista. A 1922 ƙasar ta sa hannu kan yarjejeniyar Washinton ta taƙaita jiragen yaƙi. A 1925 aka rage rundunoni huɗu na sojan ƙasa, aka kuma bai wa duk namiji ɗan shekara 25 damar jefa ƙuri'a, masu zaɓe suka tashi daga kimanin miliyan 3 zuwa fiye da miliyan 12. Manyan jam'iyyu biyu, Seiyukai da Minseito, suna karɓa-karɓa. Sai dai a wannan shekara ta 1925 majalisar da ta faɗaɗa ƙuri'a ita ce ta kafa dokar kiyaye zaman lafiya, wadda ta haramta duk wata ƙungiya mai neman sauya tsarin sarauta ko na mallakar dukiya. An yi ta ne don ƴan gurguzu, daga baya ta hau kan malaman jami'a, da ƴan jarida, da masu addini. Wuƙar da ƴan majalisa suka wasa don wani, a kansu aka ƙarasa gwada kaifinta.

Laifin da aka bari ya girma

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar 4 ga Yuni 1928 wani kanar na rundunar Kwantung, wadda ke gadin layin dogon Japan a Mancuriya, mai suna Komoto Daisaku, ya dasa nakiya ya tarwatsa jirgin ƙasan Zhang Zuolin, mai mulkin yankin. Babu wanda ya ba shi umarni daga Tokiyo. Faraminista Tanaka Giichi, wanda shi ma tsohon janar ne, ya yi wa Sarki Hirohito alkawarin hukunta mai laifi, amma runduna da wasu ƴan jam'iyyarsa suka ce tona asirin zai zubar da mutuncin ƙasa. Tanaka ya janye, ya yi murabus a 1929. Komoto kuwa dakatar da shi kawai aka yi daga aiki. Kowane ƙaramin hafsa ya karanta darasin: wanda ya yi ta'asa da sunan kishin ƙasa, faraminista ne zai faɗi, shi ko ya tsira.

Shekara uku bayan haka aka maimaita wasan da girma. Daren 18 ga Satumba 1931, bisa shirin Kanar Itagaki Seishiro da Laftanar-kanar Ishiwara Kanji, sojojin Kwantung suka fasa wani ɗan yanki na layin dogonsu kusa da Mukden, suka ɗora wa Sinawa laifi, suka fara mamaye Mancuriya. Gwamnatin Wakatsuki ta sanar cewa ba za a faɗaɗa rikicin ba. Janar Hayashi Senjuro, kwamandan sojan Japan a Koriya, ya tsallake iyaka da dakarunsa ba tare da izinin Sarki ba, laifi mai girma a dokar soja. Majalisar ministoci ta zauna, kuma maimakon ta tuhume shi sai ta amince da biyan kuɗin tafiyar. A watan Maris na 1932 aka kafa ƙasar jeka-na-yi-ka ta Mancukuwo, aka ɗora Puyi, sarkin ƙarshe na daular Sin, a kanta. Itagaki ya zama ministan soja daga baya, Hayashi kuma ya zama faraminista a 1937. Rashin biyayya ya zama tsanin hawa muƙami.

Adawar da ta ari bindiga

Babin da ya fi zama abin kunya ga ƴan siyasa shi ne na 1930. Faraminista Hamaguchi Osachi na jam'iyyar Minseito ya amince da yarjejeniyar Landan kan jiragen yaƙi, duk da ƙorafin hedikwatar sojan ruwa. Maimakon ƴan adawa su tsaya kan cewa zaɓaɓɓiyar gwamnati ce ke da ikon yanke irin wannan shawara, sai Seiyukai ta tashi a majalisa tana zargin gwamnati da take ikon Sarki na babban kwamanda. Burinta shi ne ta kayar da abokiyar hamayya ta hau kujera. Cikin waɗanda suka jagoranci wannan zargi har da Inukai Tsuyoshi. A watan Nuwamba na shekarar wani matashi ya harbi Hamaguchi a tashar jirgin ƙasa ta Tokiyo, raunin ya yi ajalinsa a 1931. Inukai ya samu kujerar da yake nema a watan Disamba na 1931, ya zauna a kanta wata biyar. Hujjar da ya ara wa masu tsattsauran ra'ayi ita ce suka shigo da ita gidansa.

Haka kuma a 1935 aka taso wa Minobe Tatsukichi, shehun malamin shari'a wanda ya koyar cewa Sarki wani sashe ne na hukumar ƙasa, yana aiki cikin iyakar tsarin mulki. Shekaru da dama wannan ra'ayi ne ake karantarwa a jami'o'i. Da soja da ƴan kishin sarauta suka ce cin amana ne, Seiyukai ta sake bin sahu don ta ƙuntata wa gwamnati mai ci. Aka haramta littattafansa, ya bar kujerarsa ta majalisar dattawa. Jam'iyyar da ta taimaka aka rushe wannan koyarwa, ta rushe ginshiƙin da mulkin majalisa ke tsaye a kai.

Yunwa a ƙauye, ciniki a gidan jarida

Ba a rasa dalilin da ya sa talakawa suka tausaya wa masu kisa. Bankuna sun durƙushe a 1927. Karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta faɗar da farashin siliki, wanda miliyoyin manoma ke dogaro da shi, a daidai lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. A arewa maso gabashin ƙasar amfanin gona ya lalace a 1931 da 1934, har wasu iyaye suka riƙa sayar da ɗiyansu mata don su biya bashi. Yawancin ƙananan sojoji ƴaƴan waɗannan ƙauyuka ne. A birni kuwa kowa ya san kusancin Seiyukai da kamfanin Mitsui, da na Minseito da Mitsubishi, ga badaƙalar cin hanci da sayen ƙuri'a ba ta yankewa. A watan Fabrairu da Maris na 1932 ƴan wata ƙungiyar sirri suka kashe tsohon ministan kuɗi Inoue Junnosuke da shugaban Mitsui, Dan Takuma. Wanda ke kwana da yunwa bai ga abin kuka a mutuwarsu ba.

Manyan jaridu irin su Asahi da Mainichi, waɗanda a baya suka goyi bayan rage kuɗin soja, suka juya da zarar an fara harbi a Mancuriya. Labarin nasara na sayuwa, mai sukar yaƙi kuma yana fuskantar ƙauracewar masu saye da barazanar ƙungiyoyin tsofaffin sojoji. Da Majalisar Al'ummai ta Janiba, wadda ta riga Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da rahoton Lytton a watan Fabrairu na 1933 da ƙuri'a 42, Japan kaɗai ta ƙi, sai wakilinta Matsuoka Yosuke ya fice daga zauren, aka tarbe shi a gida tamkar gwarzo. Majalisar ba ta iya yin komai ba, kuma Musolini ya lura da haka kafin ya afka wa Habasha a 1935.

Tawayen da ya faɗi ya kuma ci riba

Ranar 26 ga Fabrairu 1936, kwana shida bayan zaɓen da Minseito ta yi rinjaye, matasan hafsoshi suka fito da sojoji kimanin 1,400 suka mamaye tsakiyar Tokiyo. Suka kashe ministan kuɗi Takahashi Korekiyo, tsoho ɗan shekara 81 wanda ke ƙoƙarin taka wa kasafin soja birki, da tsohon faraminista Saito Makoto, da Janar Watanabe Jotaro. Faraminista Okada ya tsira ne saboda an kashe surukinsa bisa kuskure a madadinsa. A wannan karo Sarki Hirohito ya fusata, ya ba da umarnin murƙushe su, cikin kwana huɗu aka gama, aka kuma zartar da hukuncin kisa kan mutum 19. Wannan ya nuna cewa tun farko ana iya ladabtar da soja idan an so.

To amma manyan hafsoshi suka ce ba za su iya riƙe yaransu ba sai an ƙara musu iko. Gwamnatin Hirota Koki ta maido da ƙa'idar Yamagata a watan Mayu na 1936. A farkon 1937 Sarki ya umarci Janar Ugaki Kazushige ya kafa gwamnati, runduna ta ƙi ba shi minista saboda shi ne ya rage rundunoni a 1925, dole ya haƙura. A 1940 da wannan dabara aka kayar da gwamnatin Yonai, wadda ke ɗari-ɗari da ƙawance da Jamus.

Ranar 7 ga Yuli 1937 wata ƴar musayar wuta a gadar Marco Polo kusa da Bejin ta zama cikakken yaƙi da ƙasar Sin. An yi wa jama'a alkawarin gamawa cikin ƴan watanni, aka shekara takwas. A watan Disamba Nanjin ta faɗi, sojojin Japan suka yi makonni suna kisa da fyaɗe. Kotun Tokiyo ta bayan yaƙi ta ƙiyasta mamatan da fiye da 200,000, ƙasar Sin kuma tana cewa 300,000. Kuɗin soja, da ya kusa rabin kasafin ƙasa a 1936, ya haura kashi biyu cikin uku. A 1938 majalisa ta amince da dokar da ta bai wa gwamnati ikon sarrafa ma'aikata da kaya da farashi ba tare da komawa gare ta ba. A watan Fabrairu na 1940 ɗan majalisa Saito Takao ya miƙe ya tambayi manufar yaƙin da ranar ƙarewarsa. Takwarorinsa suka kore shi da ƙuri'a 296, mutum 7 kacal suka tsaya masa. Kafin shekarar ta ƙare jam'iyyu duka sun rusa kansu da kansu, suka narke cikin ƙungiya ɗaya ta gwamnati.

Daga nan kowane mataki ya riƙa haifar da na gaba. Don a toshe hanyar taimakon da ke isa ƙasar Sin, aka shiga yankin Indocina na Faransa a 1940, aka ƙulla ƙawance da Jamus da Italiya. Da aka mamaye kudancin Indocina a Yuli 1941, Amurka ta rufe dukiyar Japan ta kuma tsayar da sayar mata da man fetur, alhali kusan kashi 80 cikin 100 na man daga can yake zuwa. A watan Agusta wata cibiyar nazarin yaƙi ta gwamnati ta gabatar da lissafin da ke nuna cewa yaƙi da Amurka zai ƙare da shan kashi. Aka saurare ta, aka ajiye. Janyewa daga ƙasar Sin na nufin runduna ta amsa cewa jinin da aka zubar ya tafi a banza, kuma babu sauran mai ikon tilasta mata faɗin haka. Janar Tojo Hideki ya zama faraminista a Oktoba, ranar 7 ga Disamba aka kai hari Pearl Harbor.

Hujjar masu kare Japan

Akwai masu cewa Japan ba ta yi abin da Ingila da Faransa ba su yi ba, kuma Turawa ne suka tura ta bango. A maganar akwai gaskiya. A taron Paris na 1919 an ƙi amincewa da shawararta ta daidaita launin fata, a 1924 Amurka ta rufe ƙofa ga baƙi ƴan Japan, kuma masu yi mata wa'azin zaman lafiya su ne ke riƙe da rabin duniya. Wanda ya san zafin mulkin mallaka ba ya buƙatar a koya masa munafuncin Turawa. Sai dai zaluncin wani ba ya wanke na wani. Kirarin ƴantar da Asiya sai a tambayi ƴan Koriya da aka tilasta wa sauya sunayensu, da matan da aka tsare a barikoki don biyan buƙatar sojoji, da dubun dubatar leburorin Asiya da suka mutu a aikin layin dogon Bama. Sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, waɗanda Hausa ce harshen barikin da yawansu, sun ga fuskar wannan ƴanci a dazukan Arakan.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa babu wata hanya. Tun a 1921 ɗan jarida Ishibashi Tanzan ya yi lissafi ya nuna cewa ciniki da Amurka da Ingila da Indiya ya fi riƙon Koriya da Taiwan riba, ya ba da shawarar a saki yankunan. Aka ɗauke shi mai mafarki. Bayan Japan ta rasa kimanin mutum miliyan 3 da dubu 100, bayan an ƙone Tokiyo an kuma jefa bama-baman nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a 1945, ƙasar ta rasa duk yankunan, kuma a cikin tsibiranta ta gina arzikin da takobi bai taɓa kawo mata ba. Ishibashi ya zama faraminista a 1956. Tojo da Itagaki da Hirota an rataye su a watan Disamba na 1948.

Tsarin mulkin 1947 ya yi watsi da yaƙi a ayarsa ta 9, ya kuma wajabta a aya ta 66 cewa faraminista da ministoci duka su kasance farar hula. Gyaran da aka kasa yi da alƙalami a 1928, sai da miliyoyin rayuka a Asiya suka salwanta aka yi shi.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ƙasar da ke tafiyar jam'iyyu barkatai tana da abubuwa huɗu da za ta ɗauka daga wannan tarihi. Tsarin mulki ya fayyace wanda soja ke yi wa biyayya, ba tare da barin wata kafa ba. Hafsan da ya karya doka ya fuskanci shari'a tun a karo na farko, komai kyan niyyar da ya faɗa. Ƴan adawa su nemi mulki a akwatin zaɓe, domin wanda ya kira kura ta cinye akuyar maƙwabci bai san garken da za ta kwana ba. Masu rinjaye kuma su tuna cewa manomin da ya sayar da ɗiyarsa don biyan bashi ba zai fito ya kare majalisa ba ranar da aka kewaye ta. Ƴan siyasar Japan sun saɓa wa huɗun duka cikin shekara 12, daga nakiyar Komoto zuwa korar Saito Takao, kuma mafi yawan waɗanda suka biya kuɗin wannan sakaci ba su taɓa shiga zauren majalisa ba.